Ɓarkewar KPC a asibitin NIH a 2011: ƙwayar da ta yi sati uku tana yawo ba wanda ya sani

Ranar 13 ga watan Yunin 2011 aka kawo wata mata 'yar shekara 43 daga wani asibiti a birnin Niyok zuwa asibitin bincike na NIH, wato cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, da ke Betesda a jihar Merilan, nan gefen Washinton babban birnin Amurka. An taɓa yi mata dashen huhu, jikin kuma ya ƙi daɗi. A cikin fayil ɗinta akwai abu ɗaya da ya tada hankalin masu kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin, wato tana ɗauke da Kilebsiyela mai KPC, wata bakteriya da kusan duk antibayotik ɗin da ake ji da shi baya taɓa ta. Asibitin bai taɓa karɓar mai irin wannan ƙwayar ba kafin ita. Kuma fa basu yi wasa ba, daga shigowarta aka ware ta a ɗaki ita kaɗai, duk wanda zai shiga wajenta likita ne ko nas ko mai shara ko ɗan dubiya sai ya sa rigar kariya da safar hannu, in ya fito ya cire ya wanke hannu. Wata guda tayi a asibitin, a ciki sau biyu aka kaita ICU wato ɗakin masu tsananin jinya, kowanne zuwa kwana ɗaya kacal, ranar 15 ga Yuli aka sallame ta ta tafi da ranta. An bi sauran marasa lafiyan ICU ana ɗaukar samfur a maƙogwaronsu da matsematsinsu ana kaiwa lab, ba'a ga komai ba. Kowa ya sauke ajiyar zuciya.

Sati uku shiru. Sai ranar 5 ga Agusta lab suka ga ƙwayar a majinar da aka zuƙo daga hanyar numfashin wani mutum ɗan shekara 34 mai ciwon daji, mutumin da bai taɓa zama sashe ɗaya da matar nan a lokaci guda ba. Daga nan kusan duk sati sai an samu sabon mutum, kafin shekara ta ƙare sun kai 18 harda ita, 11 suka rasu, shida daga ciki ƙwayar ce ta kashe su kai tsaye bayan ta shiga jininsu, sauran biyar ɗin ciwon da ya kawo su asibiti tun farko ne ya tafi dasu duk da suna ɗauke da ita.

Sai ka san wane irin asibiti ne wannan kafin abun ya baka tsoro yadda ya kamata. Gado 243 ne dashi a lokacin, na gwamnatin tarayyar Amurka ne, tun 1953 yake aiki, kuma duk wanda aka kwantar a cikinsa yana cikin wani bincike ne na likitanci, galibi mutanen da magani na yau da kullum ya gaza musu, masu kansa, masu dashen ɓargo, masu lalurar garkuwar jiki da aka haife su da ita. Kuɗi akwai, ma'aikata akwai, lab kuwa ba'a magana. To in irin wannan waje ƙwaya zata shiga tayi wata shida tana wasan ɓuya da su duk da sun san da zuwanta tun daga bakin ƙofa, sai mutum ya tambayi kansa me ke faruwa a wuraren da ba'a ma gwadawa.

Ita Kilebsiyela ba baƙuwa bace a jikin ɗan adam. Tana zaune a hanjin mutane da yawa lafiya lau, ba zazzaɓi ba ciwon ciki ba komai, mutum zai iya yawo da ita wata da watanni bai sani ba. Matsalar tana farawa ne in ta bar hanji ta shiga inda bai kamata ba, huhu, mafitsara, rauni, ko jini. Da can in hakan ta faru kuma magungunan farko suka ƙi aiki, likita yana da abun da yake ɓoyewa na ranar wuya, wato dangin kabapenem irinsu merofenem da imifenem, allurai ne masu ƙarfi da ake bayarwa ta jijiya. KPC sunan wani sinadari ne da ƙwayar take fitarwa wanda yake datse kabapenem ɗin ya lalata shi kafin ya taɓa ta, kuma ba shi kaɗai ba, harda dangin fenisilin da su seftiriyazon duk yana haɗawa. A jihar Karolina ta Arewa aka fara samunsa a wani samfur na 1996, aka wallafa a 2001, cikin 'yan shekaru ya cika asibitocin Niyok, ya tsallaka Isra'ila inda yayi mummunar ɓarna a 2006 da 2007, ya shiga Girka da Italiya. Abun da ya ƙara muni shine umarnin haɗa wannan sinadari ba a ainihin kundin halittar ƙwayar yake ba, yana kan wani ɗan zoben DNA ne da ake ce ma filasmid, wanda bakteriya suke miƙa wa junansu, har ga wadda ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma filasmid ɗin baya tafiya hannu rabbana, yawanci yana ɗauke da kariya daga wasu magungunan daban, shi yasa in sakamakon lab ya fito zaka ga layi bayan layi duk baya ji, baya ji, baya ji.

Yanzu ta yaya take shiga jini? Anan ne yanayin marasa lafiyan asibitin nan ya shigo. Ɗauki mai kansar jini da aka yi wa kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, ko dashen ɓargo, fararen ƙwayoyin jininsa da ke yaƙi da cuta sun faɗi ƙasa warwas, kemon ya ɗaye fatar cikin hanjinsa, sannan saboda tsoron kar wata cuta ta kama shi an ɗora shi kan antibayotik kala kala na makonni, waɗanda suka share sauran bakteriyan hanjin da suke takura wa Kilebsiyela suka bar mata filin ita kaɗai tunda ita dai basa taɓa ta. Tana hayayyafa ta cika hanjin, sai ta ratsa ta inda fatar ta ɗaye ta faɗa jini. Ko kuma ta bi ta roba, mutum a ICU robobi ne ta ko'ina, akwai wadda aka zura a babbar jijiyar wuya ko ƙirji don ƙarin ruwa da allurai, akwai robar fitsari, akwai bututun numfashi da ke haɗe da bentileta wato na'urar da ke taya mutum numfashi, kowacce ɗaya hanya ce da ta tsallake fata da duk wata kariya da Allah yayi wa jiki, kuma hannun ma'aikata na kai kawo a kansu sau ba adadi a rana. Ƙwayar tana iya manne wa jikin robar tayi wani yauƙi ta lulluɓe kanta dashi, magani baya ratsa shi sosai, shi yasa sau da yawa sai an zare robar gaba ɗaya.

In ta shiga jini abun baya jira. Zazzaɓi, rawar sanyi, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi sama sama, hawan jini ya faɗi, fitsari ya ragu, mutum ya fara ruɗewa, wannan shine sefsis kuma awanni ne ake lissafi. Likita zai ɗebi jini a zuba a kwalba a kai lab, amma kwalbar sai ta ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ƙwaya ta tsiro, sannan a ƙara wani kwana ɗaya ko biyu kafin a san wane magani take ji. Ba zai yiwu a naɗe hannu ana jira ba, dole a fara wani abu bisa hasashe, kuma ga mara lafiya mai tsanani hasashen yawanci merofenem ne, daidai maganin da KPC ke cinyewa. To kaga mutum zai iya yin kwana biyu uku ana masa allura a kan lokaci, kowa na ganin ana magani, alhali a wajen ƙwayar ba'a fara komai ba. Wannan giɓin shine yake cin rai. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta faɗa a 2013 cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna kashe har kusan rabin waɗanda suka shiga jininsu.

Ko an gano ɗin ma, me za'a bayar? A 2011 magani uku ne suka rage da ƙwayar matar nan take ji, kuma kowanne da nasa aibun. Kolistin tsohon magani ne tun wajen 1950, daga Japan aka samo shi, likitoci suka yi watsi dashi shekaru da dama saboda yana lalata ƙoda, dole ce tasa aka koma aka kakkaɓo shi. Jentamaisin shima ƙoda yake taɓawa harda ji. Tijisaikilin shine sabo a cikinsu, 2005 ya fito, amma yana da wani hali, da an yi allurarsa sai ya bar jini ya shige cikin tsoka da gaɓoɓi, abun da ya rage a jinin kaɗan ne, to ga mai cuta a jini kaga bai dace ba, kuma tun 2010 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka tayi gargaɗin cewa an ga mace mace sun ɗan fi yawa a waɗanda aka yi wa allurarsa idan aka kwatanta da wasu magunguna. Da waɗannan ukun likitocin suka riƙa haɗe haɗe. Sai kuma ƙwayar ta fara canzawa a cikin jikin marasa lafiya ana tsaka da magani, kolistin ɗin da take ji jiya yau ta daina ji, kuma ba sau ɗaya ba, a jikin mutane da dama kowanne ta hanyarsa daban. Aka kai matakin da wasu samfuran babu ko magani ɗaya da ya rage musu. Wallahi ni wannan wajen ne ya fi tsaya min a rai, likita yana tsaye a asibitin da ya fi ko'ina kayan aiki, ya san sunan abun da ke kashe mara lafiyarsa, ya san tarihinsa, kuma babu abun da zai rubuta.

Tambayar da ta dame su tun daga mutum na biyu ita ce, shin ƙwayar matar nan ce ta ɓuya sati uku ta sake fitowa, ko kuwa wata ce daban ta shigo tare da wani? Ba tambayar son sani bace kawai. In sabuwa ce daga waje to matakan da suka ɗauka sun yi aiki, sai dai a ƙara sa ido a bakin ƙofa, in kuwa ta matar ce to akwai ɓaraka a cikin gida kuma akwai masu ɗauke da ita a kan gadaje da ba'a san su ba. Gwajin da aka saba yi a lokacin don kwatanta ƙwaya da ƙwaya ya nuna iri ɗaya ne, amma hakan bai warware komai ba, saboda dangin da ake kira ST258 ne, kuma mafi yawan Kilebsiyela mai KPC a Amurka a lokacin duk wannan dangin ne, ko daga ina mutum ya kwaso ta haka gwajin zai nuna.

Anan ne Dakta Tara Palmore da Dakta David Henderson masu kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin suka haɗa kai da Julie Segre da Evan Snitkin na cibiyar binciken kundin halitta da ke harabar NIH ɗin, suka ce bari a karanta DNA ɗin ƙwayar kowane mara lafiya gaba ɗaya, harafi bayan harafi, wajen harafi miliyan shida kowacce. Dabarar mai sauƙin ganewa ce. Duk sanda bakteriya ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, jefi jefi sai tayi kuskuren harafi ɗaya, kuma duk zuri'arta zasu gaji wannan kuskuren. Kamar malami ne da ke makin jarabawa ya ga ɗalibai biyar sun yi kuskure iri ɗaya sak a waje ɗaya, biyu daga cikinsu kuma sun ƙara da wani kuskuren nasu na daban, daga nan ya san wa ya kwafa a wajen wa, da kuma wanda ya riga wani. A cikin miliyan shidan nan bambancin da aka samu tsakanin duka samfuran 'yan gomiya ne kawai, wanda ya tabbatar duk tushensu ɗaya ne, daga matar farko, amma kuma ɗan bambancin ya isa a zana hanyar da ta bi.

Kuma sun yi sa'a da wani abu, matar ta daɗe da ƙwayar a jikinta har ta rarrabu, wadda ke maƙogwaronta ta ɗan bambanta da ta huhunta da ta matsematsinta, kuma lab sun adana samfuran. Da aka jera sai ga shi ƙwayar ba sau ɗaya ta fita daga jikinta ba, sau uku ne daban daban, ta kama waɗanda aka lakaba wa lamba 3 da 4 da 8. Lambobin nan bisa jerin ranar da aka gano mutum ne, to lura da kyau, mutum na 2 da aka fara gani ranar 5 ga Agusta ba daga ita ya ɗauka ba, ta hannun na 3 ta biyo ta same shi, wato na 3 ya riga shi kamuwa, tun lokacin da ya haɗu da matar a ICU, yana kwance da ita a jikinsa makonni gwaji bai nuna ba. Na 4 kuma shi da matar basu taɓa haɗa sashe ba sam, kuma ta reshensa ne mafi yawan sauran suka kamu, wanda ke nuna ko dai akwai wani a tsakani da ba'a taɓa ganowa ba har aka sallame shi, ko hannun wani ma'aikaci, ko wani kayan aiki da ya zagaya.

Wannan shine zuciyar lamarin a ganina. Jerin da asibiti ke gani na wa ya kamu yau wa ya kamu gobe ba shine ainihin jerin ba, labarin makonnin baya ne yake isowa a makare. Kwalbar jini da ta tsiro yau, ƙwayar ta shiga hanjin mai ita tun tuni, kuma a tsakanin nan an canza masa ɗaki, an kai shi hoto, nas ɗaya ta duba shi ta duba na kusa dashi. Duk matakan warewa da aka ɗauka a kan wanda aka sani ne, ita kuma ƙwayar tana tafiya ne a jikin wanda ba'a sani ba, wanda ba zazzaɓi yake ba balle a zarge shi. Ga kuma batun inda ake nema, a farko maƙogwaro da matsematsi ake shafawa, alhali gidan ƙwayar hanji ne, sai da aka koma ɗaukar samfur ta dubura da ɗan tsinke mai auduga sannan aka fara kama masu ɗauke da ita yadda ya kamata. Sakamakon da ya ce babu, in ba'a nema a inda take ba, ya fi rashin gwajin haɗari, don yana sa mutane su saki jiki.

Sai kayan asibitin kansu. An samu ƙwayar a jikin wata bentileta da aka yi wa wani mara lafiya amfani da ita bayan an riga an wanke ta tas bisa ƙa'ida. An same ta a magudanar sinki na ɗakunan marasa lafiya, wato wajen da ake zuwa a wanke hannu shi kansa ya zama maɓoyarta, tana zaune a lanƙwasar bututun inda ruwa ke kwanciya, aka yi ta zuba bilic abun ya ƙi, ƙarshe sai da aka kwance bututan aka canza. Ba wai an tabbatar sinkin ne ya harbi wani ba, amma ba wanda zai bar shi a haka.

Abun da suka yi don kashe wutar ba wani abun burgewa bane in ka ji shi, wahala ce kawai da naci. Suka tattara duk masu ɗauke da ƙwayar waje ɗaya har da gina bango a raba ICU, suka ware musu nas nas da sauran ma'aikata nasu na kansu waɗanda basa taɓa kowa sai su, kayan aiki ma nasu daban, abun da za'a iya yarwa bayan amfani ɗaya a yar. Ɗakin da mai ƙwayar ya bari sai a toshe shi a busa masa tururin haidirojin ferokzaid. Suka ɗauki mutane aikinsu kawai su tsaya dare da rana suna kallon mai shiga da mai fita, ka wanke hannu? ka sa riga? ka cire safar kafin ka taɓa ƙofa? ko kai waye sai an tsayar da kai, kuma duk wanda ya san asibiti ya san ba ƙaramin abu bane a ce ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da babban likita ya ce koma ka wanke hannu. Da aka ga ƙwayar ta ɓulla a wajen ICU sai suka faɗaɗa gwajin dubura ya koma kan kowa da ke kwance a asibitin, a maimaita a sake maimaitawa, wanda ba daɗi gare shi ba ga mara lafiya ba ga nas ba, amma dashi aka zaƙulo ragowar. Zuwa ƙarshen 2011 sabbin kamuwa suka tsaya.

Da labarin ya fita, abun da aka fi yayatawa shine karanta DNA ɗin, kimiyya ta kama ƙwaya da sauransu, kuma gaskiya aiki ne mai kyau, yana cikin na farko farko da aka bi sawun ɓarkewar cuta a cikin asibiti ta wannan hanya, yanzu kuma manyan asibitoci da yawa suna yi. Amma ni dai ban yarda shine ya tsayar da ita ba. Abun da yayi shine ya gaya musu gaskiya mai ɗaci, cewa daga cikin gida ne kuma akwai waɗanda basu gani ba, cikakkiyar taswirar ma sai daga baya ta kammala. Tsinken auduga da bango da mai gadin wanke hannu su suka yi aikin, kuma ba ɗaya a cikinsu da yake buƙatar na'urar miliyoyi, abun da suke buƙata shine ma'aikata isassu da shugabancin da zai jure ƙorafi na watanni, wanda in ka duba shi ya fi na'urar wuyar samu.

Kuma bata ƙare a nan ba. Bayan wata shida ba'a ga sabon kamu ba, a Yulin 2012 sai ga ta a jikin wani matashi daga jihar Minesota da aka yi wa dashen ɓargo, aka karanta DNA ɗin aka ga ita ce dai, zuri'ar ta matar farko, alhali ita ta bar asibitin shekara guda da ta wuce. A sashen da yake akwai wani mai ɗauke da ita tun daga ɓarkewar baya, don wanda ƙwayar ta zauna a hanjinsa baya rabuwa da ita don an sallame shi, in ya dawo da ita zai dawo. Ta shiga jinin yaron, aka gwada abun da za'a iya, ranar 7 ga Satumban 2012 ya rasu. Shine na 19 da ya kamu, na bakwai da ta kashe.

Akwai kuma wani ɓangare da ya jawo musu suka. Jama'a basu ji labarin ɓarkewar ba sai a Agustan 2012 da masu binciken suka wallafa shi a mujallar Science Translational Medicine, fiye da shekara guda da farawa, kuma jami'an ƙaramar hukumar da asibitin yake cikinta suka nuna ɓacin ransu cewa a jarida suka gani. Asibitin ya kare kansa da cewa a lokacin doka bata wajabta kai rahoton irin wannan ƙwaya ba, kuma ba hatsari bace ga mai lafiya da ke wucewa a titi, wanda gaskiya ne, lafiyayyen mutum ba kasafai take masa komai ba. Amma marasa lafiya suna yawo tsakanin asibitoci, ita kanta matar ai daga wani asibitin aka kawo ta, kuma abun da yasa aka ware ta tun ranar farko shine wani ya rubuta a fayil. In da ba'a rubuta ba fa? A ɗaya ɓangaren kuma dole a basu nasu, asibitoci nawa ne irin wannan ta faru a cikinsu suka binne maganar, su kuwa sun zauna sun rubuta yadda ta kuɓuce musu dalla dalla har da inda gwajinsu ya gaza, shi yasa ma muke da abun da zamu nazarta. Isra'ila da tata ta yi tsanani a 2007 sai da gwamnati ta shigo ta wajabta wa duk asibitoci kai rahoto da ware masu ɗauke da ƙwayar da ma'aikatansu daban, sannan lambobin suka sauko, don asibiti ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba in maƙwabtansa suna turo masa ba labari.

Ta fannin magani an samu sauƙi daga baya. A 2015 aka amince da haɗin seftazidim da abibaktam a Amurka, shi abibaktam ɗin aikinsa ya riƙe sinadarin KPC ya hana shi datse maganin, a 2017 kuma aka samu haɗin merofenem da babobaktam, kuma masu KPC a jini da aka ba waɗannan sun fi waɗanda aka ba kolistin rayuwa, ƙodarsu ma ta fi tsira. Da ace suna nan a 2011 wataƙila da wasu cikin bakwai ɗin nan sun tashi, Allahu a'alamu. Sai dai KPC ba shi kaɗai bane a fagen, akwai wani sinadarin mai suna NDM da aka fara ganowa a 2008 a jikin wani mara lafiya a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, shi kuma abibaktam da babobaktam duk basa riƙe shi, don haka yanzu bai isa lab su ce ƙwaya bata jin kabapenem ba, sai sun faɗi wane sinadari take fitarwa kafin likita ya san abun da zai ɗauko. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukunin ƙwayoyi a sahun farko na waɗanda ake neman sabon magani dominsu da gaggawa. Shi kansa sabon haɗin bai daɗe ba aka fara ganin ta kansa, a 2016 likitoci a birnin Pitsbag na Amurka suka ba da rahoton marasa lafiya da Kilebsiyelarsu ta sauya fasalin KPC ɗinta ana tsaka da basu seftazidim da abibaktam, ta daina jinsa cikin makonni kaɗan da fara allurar.